Yadda ake Bikin Bazara a gidan Basine, daga kunun Laba har zuwa daren fitilu

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san akwai wasu makonni a farkon shekara da komai ke tsayawa cak. Masana'anta ta rufe, dillali ya daina amsa saƙo, kaya su kwanta a sito. Mutanen sun tafi gida ne yin Bikin Bazara, wanda suke kira Chunjie, wato sabuwar shekararsu ta gargajiya. Jajayen fitilu da rawar zaki da muke gani a talabijin ƙarshen hidimar ne kawai. Ainihin bikin aiki ne na kusan kwana arba'in a cikin gida, kowace rana da abin da ake yi a cikinta, kuma duk manufarsu ɗaya: kada sabuwar shekara ta iske mutum da datti a ɗaki, ko bashi a wuya, ko kuma ya bar gurbinsa babu kowa a teburin iyayensa. Wanda ya riƙe wannan, sauran al'adun ba za su rikita shi ba.

Zan bi matakan a jere yadda iyalan arewacin Sin ke yi, ina nuna inda mutanen kudu suka sha bamban, domin ɗalibi ko ɗan kasuwar da aka gayyata gidan aboki ya shiga da idonsa a buɗe.

Fara da sanin ranar

Kalandar gargajiya ta Sinawa da wata take tafiya, kowane wata kwana 29 ko 30. Inda ta rabu da kalandar Hijira shi ne ana ƙara wata na goma sha uku kusan duk bayan shekara uku, sau bakwai a cikin shekara 19, don kada bikin ya riƙa zagaya yanayi. Shi ya sa kullum yake faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ranar 10 ga Fabrairu ce, a 2025 29 ga Janairu, a 2026 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. Kada sunan bazara ya sa ka ɗauki kaya marasa nauyi. A Beijing lokacin ruwa ƙanƙarewa yake yi a waje. Murna ake yi cewa hunturu ya kusa juya baya.

Kowace shekara da dabbarta, goma sha biyu ne suna zagayawa: ɓera, sa, damisa, zomo, sai dabbar almara da suke kira Long mai jikin maciji da ƙaho da ƙafafu huɗu, sannan maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade. 2025 ta maciji ce, 2026 ta doki, 2027 ta akuya. Wanda shekarar dabbar haihuwarsa ta zagayo ana ganin shekarar na iya zo masa da tangarɗa, don haka za ka ga 'yan uwa sun saya masa jar safa ko jan ɗamara ya riƙa sawa.

Hutun hukuma gajere ne, a 2025 kwana takwas ne, daga 28 ga Janairu zuwa 4 ga Fabrairu. Amma masana'antu kan rufe tun mako ɗaya ko biyu kafin nan, kuma ma'aikata da yawa ba sa komawa sai an wuce ranar 15 ga watan farko na kalandarsu. Mai odar kaya ya kammala zancensa tun Disamba, shi ya fi kwanciyar hankali.

In tafiya za ka yi a cikin ƙasar, tikiti shi ne babban yaƙi. Zirga-zirgar bikin, da suke kira Chunyun, kwana 40 ce: 15 kafin ranar, 25 bayanta. A 2025 hukumomi sun ƙidaya tafiye-tafiye kimanin biliyan 9, har da na motocin gida. Tikitin jirgin ƙasa ana buɗe sayar da shi kwana 15 kafin ranar tafiya a manhajar 12306, kuma na manyan hanyoyi kan ƙare cikin mintoci.

Ranar 8 ga watan ƙarshe: kunun Laba

Daga nan ƙamshin biki ke fara tashi. Tun daren jajibere ake jiƙa hatsi iri-iri: shinkafa, gero, jan wake, gyaɗa, busasshen jan dabinon Sin, ƙwayar furen bado da sauran abin da gida ke da shi. Da asuba a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kauri, a sa sukari. Ana aika wa maƙwabta, kuma gidajen ibadar Buddha, irin Yonghegong na Beijing, suna rabawa kyauta ga mutanen da suka yi layi cikin sanyi.

A ranar ce kuma mutanen arewa ke ɓare tafarnuwa su zuba a kwalba, su cika ta da ruwan khal na shinkafa, su toshe su ajiye a wuri mai sanyi. Kafin daren biki ta rikiɗe ta koma kore shar, zafinta ya ragu. Da ita za a ci abincin daren.

Ranar 23 ko 24: sallamar mai tsaron murhu

A arewa ranar 23 ce, a kudu 24, kuma ana kiranta ƙaramar shekara. A tsohon imanin Sinawa, kowane gida akwai Zao Jun, abin bautar murhu, wanda ake manna hotonsa na takarda a bangon madafa. Shekara guda yana nan yana ganin komai: wa ya zubar da abinci, wa ya yi wa surukarsa tsawa, wa ya tausaya wa almajiri. A wannan rana yake hawa sama ya kai rahoto ga Sarkin Sama, Yudi. Sai mai gida ya ajiye masa alewa mai danƙo da aka yi da tsiron hatsi, wasu ma su shafa ta a bakin hoton, domin ko dai bakinsa ya yi zaƙi ya faɗi alheri, ko ya manne ya kasa kai tsegumi. Daga nan a ɓamɓare hoton a ƙone shi, hayaƙin ne tafiyarsa. Sabon hoto sai daren biki za a manna, alamar ya dawo.

A birane yau gidaje da yawa alewar kawai suke saya su ci. Abin da ya ja hankalina a labarin shi ne inda aka ajiye mai shaidar: a madafa, wurin da halin gida na gaskiya ke fitowa, ba a ɗakin baƙi ba.

Kwanakin da suka rage: shara, cefane, biyan bashi

Mutanen Beijing suna da tsohon jadawali da yara ke haddacewa. Ranar 24 share gida, 25 niƙa waken soya a yi awara, 26 dafa nama, 27 yanka kaza, 28 kwaɓa fulawa a bar ta ta tashi, 29 turara burodin mantou. Ba kowa ke bin sa daki-daki ba yanzu, amma hikimarsa na nan: a da kasuwa na rufewa kwanaki, kuma a kwanakin farko na shekara ba a son taɓa wuƙa, don haka dole a tanadi abinci tun da wuri.

Sharar ba ta wasa ba ce. A fitar da kujeru, a ɗaura tsintsiya a doguwar sanda a kakkaɓe yanar gizo-gizo daga rufi, a wanke tagogi, labule da zannuwan gado, a goge murhu har maiƙon shekara ya fita, a zubar da fasassun kwanuka. Ana farawa daga sama zuwa ƙasa, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa. A gama kafin daren biki, domin daga nan tsintsiya za ta huta.

A je aski ma a waɗannan kwanaki. Akwai camfin da ke cewa wanda ya yi aski a watan farko kawunsa, ƙanin uwa ko yayanta, zai mutu. Mutane da yawa dariya suke yi wa maganar, amma duk da haka shagunan aski cika suke yi maƙil a ƙarshen shekara.

Sai bashi, wanda a ganina shi ne mafi kyawun al'adun bikin kaf. Ana son kowa ya biya abin da ake bin sa kafin shekara ta fita, ya mayar da abin da ya ara, mai gida ya sallami ma'aikatansa. Wanda ke bin bashi kuma yana da damar tambaya har daren biki. Da gari ya waye ranar farko, ya rufe bakinsa, sai dai gaisuwa. In kana hulɗar kasuwanci da Basine kuma akwai ragowar kuɗinsa a hannunka, ka tura masa kafin ranar. Zai riƙe maka wannan fiye da kowace kyauta.

A Guangzhou, kwana ukun ƙarshe na kasuwar furanni ne. Tituna na cika da masu sayen ƙananan bishiyoyin lemu a tukwane, ɗauke da 'ya'ya jajur, da rassan itacen tao, wanda Turawa ke kira peach, masu fure. Ana ajiye su a bakin ƙofar gida da ta shago.

Ranar 29 ko 30: jar takarda a ƙofa

Ana buƙatar dogayen jajayen takardu biyu da gajeriya ɗaya. A kan dogayen ana rubuta baiti biyu da baƙar tawada ko ruwan zinariya, adadin haruffansu ɗaya, kowace kalma tana fuskantar 'yar uwarta: in wannan layi ya ce sama, wancan ya ce ƙasa, in ya ce dutse, wancan ya ce kogi. Gajeriyar yawanci haruffa huɗu ce, ita ke hawa saman ƙofa.

Ga yadda ake mannawa. A ciccire na bara, a goge wurin. A tsaya ana fuskantar ƙofa: a tsarin gargajiya layin farko na hannun dama, na biyu na hagu. In gajeriyar takardar an rubuta ta daga hagu zuwa dama, kamar yawancin bugun zamani, to wasu kan bi ta su juya tsarin. Tsofaffi da kokon fulawa suke mannawa, a dama fulawa da ruwa a wuta har ta yi danƙo. Yanzu salatif ya karɓe. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan kujera, ɗaya daga nesa yana cewa ɗaga dama kaɗan. Gidan da aka yi rasuwa a shekarar ba ya manna ja. Ko a bar ƙofar haka, ko a sa wani launi. In ka ga ƙofa babu ja a layin da kowa ya manna, ka sassauta murya.

Asalin abin allunan itacen tao ne da ake ratayawa don korar miyagun iskoki. Littattafan tarihi na danganta baitin ƙofa na farko ga Meng Chang, sarkin daular Shu ta baya, a shekarar 964. Hotunan mayaƙa biyu da ake mannawa a ganyen ƙofa kuwa na Qin Qiong ne da Yuchi Gong, jarumawan Sarki Taizong na daular Tang. Almara ta ce mugun mafarki ya hana sarkin barci, sai su biyun suka tsaya gadin ƙofarsa ya samu ya runtsa. Da ya tausaya musu, ya sa aka zana hotunansu aka manna a madadinsu. A manna su suna fuskantar juna, ba suna ba wa juna baya ba.

A nan dole a fahimci abu guda, domin rabin al'adun bikin a kansa suke: harshen Sinanci cike yake da kalmomin da furucinsu ɗaya ma'anarsu daban, kuma Sinawa na ɗaukar wannan a matsayin fata. Harafin fu, mai nufin albarka, ana manna shi kai ƙasa, saboda "ya kife" da "ya iso" furucinsu ɗaya. Dattawa da yawa dai na cewa a babbar ƙofa a manna shi daidai, a bar kifewar ga randa, akwati da kabad.

Daren biki: teburin iyali

Wannan ne zuciyar bikin, kuma saboda shi ake cika jirage. Ana kiran daren da na talatin, amma daga 2025 zuwa 2029 watan ƙarshe kwana 29 yake yi, don haka daren na faɗowa ranar 29.

Kafin a zauna, gidajen da ke riƙe da tsohuwar al'ada suna jera abinci da shayi a gaban allunan sunayen kakanni ko hotunansu, a kunna turaren tsinke, a rusuna, manya kafin yara. Sannan a zauna, mafi tsufa yana fuskantar ƙofa, kuma babu mai ɗaga tsinken cin abinci sai ya fara. Wanda ya kasa zuwa, wasu iyalai kan ajiye masa kwano da tsinkensa a gurbinsa.

Dole a sami kifi ɗungurungum, da kai da wutsiya, kuma ba a cinye shi. Kifi da rara furucinsu ɗaya, saboda haka barin saura fata ne shekara ta bar rara. Kada ka juya kifin in ka gama gefe ɗaya, musamman a garuruwan masunta, inda juya kifi ke tuna kifewar jirgi. Cire ƙashin ka ci na ƙasa. A lardin Guangdong na kudu, inda Guangzhou take, sai an ga kaza guda cikakkiya. A kudu ana cin niangao, wani curi na shinkafa mai danƙo, fatan kowace shekara ta fi ta baya.

A arewa kuwa jiaozi ne sarki, kuma ga yadda ake yin sa. A kwaɓa fulawa giram 500 da ruwa kimanin rabin nauyinta da ɗan gishiri, a murza har ƙullun ya yi santsi, a rufe shi ya huta rabin awa. A daddatsa nama, a sa citta, lawashi, man riɗi, gishiri da baƙin ruwan waken soya, a juya ta fuska ɗaya kawai har ya haɗe jikinsa. A yayyanka kabeji ƙanana, a barbaɗa gishiri, a matse ruwan sosai kafin a haɗa. In ba a matse ba, ƙullun zai jiƙe ya fashe. A mulmula ƙullun ya yi tsawo, a gutsuttsura, a danne kowane gutsure da tafin hannu. Sai hannu ɗaya na jujjuya shi, ɗayan na murza gefensa da ɗan gajeren itace, har ya zama faifai da bai kai tafin hannu ba, tsakiya da kauri, baki siriri. A sa cokali ɗaya na nama, a naɗe, a fara matse tsakiya, sannan a tattaro gefe da gefe. Siffarsa ta curin azurfar da ake ciniki da shi a da ce. A zuba cikin tafasasshen ruwa, a tura da bayan ludayi don kada ya kama gindin tukunya. Duk lokacin da ya tafaso a zuba ɗan ruwan sanyi, har sau uku. In sun taso sama sun kumbura, sun nuna.

Aikin na kowa ne, kaka na murzawa, jikoki na naɗe nasu a karkace, ana hira. A cikin ɗaya ana ɓoye tsabar kuɗi da aka wanke, ko gyaɗa, ko dabino. Wanda ya ci karo da shi an ce shekararsa ta yi kyau. Ka tauna a hankali.

Baƙo Musulmi ya yi magana tun kafin ranar, ba a kan teburi ba. Yawancin jiaozi da naman alade ake yi, kuma giyar baijiu na zagayawa. Sinawa sun san Musulmi, suna da Hui da sauran ƙabilu Musulmi miliyoyi, kuma kalmar qingzhen, wato halal, ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Mai masauki zai iya sayo naman rago ko na sa daga mahautan Hui, ko a yi maka na ƙwai da ganye a tukunya daban. In an ɗaga kofi, ɗaga naka na shayi, ka sa bakin kofinka ƙasa da na dattijo. Lokacin turare da rusunawa ga kakanni, koma gefe ka tsaya shiru. Ba wanda zai ga laifinka. Ka kuma lura cewa a 2026 da 2027 bikin na faɗowa dab da fara azumin Ramadan, don haka ziyarce-ziyarcen kwanakin da ke biyo baya za su same ka da azumi a baki.

Raya dare da labarin Nian

Bayan abinci ba a kwanciya. A bar fitilu a kunne, a baje 'ya'yan kankana da na furen rana soyayyu, gyaɗa da lemu, ana ɓarewa ana hira. Tun 1983 gidan talabijin na CCTV ke gabatar da shagalin daren, daga ƙarfe 8 agogon Beijing har bayan sha biyu, kuma a gidaje da yawa yana kunne ko ba a kallo. An ce zaman da yara ke yi a farke fatan tsawon rai ne ga iyaye.

Labarin da ake ba yara shi ne na Nian, wani dodo da ke fitowa a daren ƙarshen shekara ya cinye dabbobi da mutane, har 'yan ƙauye kan gudu kan duwatsu. Wata shekara wani tsoho baƙo ya ƙi gudu. Ya manna jar takarda a ƙofa, ya kunna fitilu, ya jefa gora a wuta tana fashewa. Dodon ya zo, ya ga ja, ya ga haske, ya ji ƙara, ya juya da gudu. Gorar da ake ƙonawa ita ce kakar nokawut, kafin a gano albarushi. Da sha biyu ta buga, ƙauyuka kan ɗauki ƙara kamar ƙasa za ta tsage, gari ya waye tituna sun yi ja da ɓaraguzan takarda. Manyan birane sun taƙaita abin saboda gobara da hayaƙi. Beijing ta fara hanawa a 1993, ta sassauta daga baya, sannan ta haramta a duk faɗin birnin daga 2022. Ka tambayi dokar garin da kake kafin ka kunna ko ɗaya.

Jan ambulan

Shi ne goron sallar yaran Sin. Almararsa ta wani aljani ce mai suna Sui, da ke shafa goshin yaro mai barci ya tashi da zazzaɓi. Wasu iyaye suka naɗe tsabar kuɗi takwas a jar takarda suka sa a gefen matashin ɗansu. Da aljanin ya miƙo hannu, ƙyallin kuɗin ya kore shi.

Manya ke ba yara, ma'aurata su ba marasa aure, 'ya'yan da suka fara aiki su ba iyaye da kakanni. A je banki tun da wuri a canjo sababbin takardu. A guji adadin da ke da 4, saboda furucinsa ya yi kusa da na mutuwa. 6 da 8 ake so. A miƙa da hannu biyu, a karɓa da hannu biyu, kuma ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. A Guangdong kuɗin kaɗan ne amma ana ba kowa, har mai gadi da mai shara. Tun 2014 dandalin hira na WeChat ya shigo da na waya, wanda ba ya wuce yuan 200 na kuɗin Sin, amma kaka ta fi son ta ga jikanta ya durƙusa ta danƙa masa a hannu.

Ranar farko zuwa ta bakwai

A tashi da wuri, a sa sababbin kaya, ja in da hali, ban da baƙi wuluk ko fari fat, domin na makoki ne. A fara gaida na cikin gida, sannan dangin uba. Namiji kan dunƙule hannun dama ya rufe shi da na hagu a gaban ƙirji, ya ɗan rusuna. "Xinnian kuaile" ko "Guonian hao", wato barka da sabuwar shekara, sun isa; ga ɗan kasuwa a ce "Gongxi facai", fatan arziki.

Ranar cike take da hani. Ba shara, ba zubar da shara, kada a share arziki waje. Ba wanke gashi, ba ɗinki, ba wuƙa ko almakashi. Ba faɗa, ba zancen ciwo ko mutuwa, ba a dukan yaro. In kwano ya faɗi ya fashe, nan take a ce "suisui ping'an", fatan zaman lafiya kowace shekara, a naɗe ɓaraguzan a jar takarda a ajiye. Kada ka shiga gida hannu rabbana: lemu, shayi ko kwalin alewa sun yi. Ka nisanci agogo, laima, takalmi da 'ya'yan itacen li, wanda Turawa ke kira pear, duk furucinsu na kai wa ga rabuwa, jana'iza ko sharri.

Rana ta biyu ta matan aure ce: kowace ta tafi gidan iyayenta da mijinta da 'ya'yanta, da tsaraba bibbiyu. Ta uku an ce ranar saurin faɗa ce, a zauna gida, a kwanta da wuri domin a daren ɓeraye ke ɗaurin aurensu. Har akan zuba musu ɗan hatsi a lungu. Rana ta biyar hani ya faɗi. A share gida, a fitar da sharar da ta taru, a yi maraba da Caishen, abin bautar dukiya, shaguna su fara buɗewa. Ta bakwai ranar haihuwar ɗan Adam ce a almararsu: abar bautarsu mai suna Nuwa ta ƙera kaza ranar farko, sai kare, alade, tunkiya, sa da doki, ta ƙera mutum da yumɓu a ta bakwai. A waɗannan kwanaki a leƙa kasuwannin biki, irin na lambun Ditan a Beijing.

Kusa da nan, wajen 4 ga Fabrairu, akwai Lichun, farkon bazara a lissafin rana, wanda wani lokaci kan riga bikin, wani lokaci ya biyo baya. Wannan ta manoma ce. A da, hakimin gari ke fitowa a gina sa na yumɓu, a yi masa bulala har ya farfashe, alamar hutu ya ƙare a koma gona, mutane su wawashe gutsattsarin su kai gonakinsu. Wasu garuruwa na yi har yau. A gida kuma ana "cizon bazara": a gatsa ɗanyen luobo, wata saiwa mai ɗan yaji, a naɗe sabon ganye a siririyar wainar fulawa.

Ranar 15: daren fitilu

Daren farko da wata ke cika a shekara, shi ke rufe biki. Ana cin dunƙulen garin shinkafa mai danƙo da baƙin riɗi ko gyaɗa a ciki. A arewa jiƙa curin riɗin ake yi a riƙa gangara shi a faifan gari har ya yi kauri, sunansa yuanxiao. A kudu kwaɓa ƙullu ake yi a naɗe, sunansa tangyuan. A dafa a ruwa har su taso, kuma a huce kafin a gatsa, cikin na ƙuna.

Da magariba kowa ya fita. Yara na riƙe da fitilun takarda, ana rataya kacici-kacici a jikin manyan fitilu, wanda ya warware ya cire takardar ya karɓi tukuici. Masu rawar Long na ɗaga doguwar dabbar a kan sanduna suna bin ƙwallo, masu rawar zaki mutum biyu a riga ɗaya suna bin shaguna, suna cafko ganyen latas da jan ambulan da aka rataya musu. Birnin Zigong na lardin Sichuan ya yi suna wajen fitilu masu tsayin bene. A zamanin da, wannan na cikin 'yan dararen da 'yan mata ke fita, shi ya sa tsofaffin labaran soyayya da yawa a nan suke farawa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa Bikin Bazara, da duk waɗannan al'adu, cikin jerin gadon al'adun duniya.

Washegari a sauke fitilu, ɗalibai su koma makaranta, leburori su kama hanyar birni. Takardun ƙofa dai a bar su har rana da ruwa su kodar da su. Abu ɗaya ya rage: ranar 2 ga wata na biyu, ranar da aka ce Long ke ɗaga kai ya kawo ruwan shuka, ita ce ranar komawa aski, kuma gara ka je shagon da sassafe, domin layin kan kai har waje.